Gaisuwar da Aka Koyo a Busan

Tun daga ƙofar gida Keziya ta san akwai magana. Takalman Goggo Bibiana ne a bakin falo, kuma Goggo ba ta barin rumfarta ta kasuwar Sabon Gari a tsakiyar mako don ta zo gaisuwa kawai.

Ta ajiye jakar littattafan ɗalibanta, ta ɗaga labule. Mahaifinta, Malam Julius, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa kuma dattijo a cocinsu, yana zaune a kujerarsa, rediyonsa a kashe. Ƙanwarsa Goggo Bibiana ta hakimce a gefe tana girgiza ƙafa.

Keziya ta durƙusa. "Baba, barka da yamma. Goggo, ina wuni?"

"Wunin ke nan," in ji Goggo. "Matso ki ga mijin naki."

Ta turo mata wani hoto da aka buga a farar takarda.

Raphael ne, saurayinta. Ko a duhu Keziya za ta gane ƙeyarsa. Yana sanye da wasu kaya masu faɗi, shuɗaye masu sheƙi, gwiwoyinsa a ƙasa, tafukansa a ƙasa, goshinsa a kan hannuwansa. A gabansa wani tsoho da wata tsohuwa 'yan Koriya suna zaune a kan matasai. A gefensa kuwa wata budurwa ce fara sol, cikin doguwar riga ja, ita ma ta durƙusa. Ga wani gajeren tebur cike da abinci.

Goggo ta fara nunawa da ɗan yatsa, kamar tana ƙirga wa mai saye kaya.

"Ga uban yarinya. Ga uwar yarinya. Ga amarya cikin jan kaya. Ga abincin biki. Me ya rage? Fasto ne kawai ba a gani ba, wataƙila shi ya ɗauki hoton."

"Goggo, a ina kika samo wannan?"

"Au, abin da ya dame ki ke nan? Martin ne ya kawo, Allah ya yi masa albarka. Ya gani a kwamfutarsa ya kasa barci. Yaro mai tsoron Allah."

Sai Keziya ta tuna. Jiya ta shiga shagon intanet na Martin a Samaru, bayan an tashi makarantar da take koyarwa. Lokacinta ya ƙare kafin saƙon Raphael ya gama buɗewa, ta fita da sauri don kar ta rasa mota. Ashe ba ta rufe akwatin imel ɗinta ba.

"Baba," ta ce, "ka bari in ji ta bakinsa."

"Wane baki kuma?" Goggo ta cafe. "Shekarunki nawa yanzu? Ƙannenki na bayan-baya sun yi aure, ke kina nan kina jiran mai gyaran jirgin ruwa. A Zariya wane ruwa muke da shi, in ba Kubanni ba? Ga Martin, ga shago, ga mota, ga shi a ƙungiyar mawaƙan coci. Tun daga ƙofar gida yake durƙusa wa babanki. Bayan Ista mutanensa za su zo, ni na ce su zo."

Malam Julius ya ɗaga hannu, Goggo ta yi shiru.

"Keziya, ke ba yarinya ba ce. Ba zan ɗaure ki in kai ki gidan kowa ba. Amma yaron nan na cikin hoto, muddin ina numfashi, ba zai same ki da albarkata ba."

Hawaye suka zubo mata. Ita dai ta san kanta. Tun rasuwar mahaifiyarta mutumin nan ne ya yi mata uwa ya yi mata uba, har kitso ya taɓa gwada yi mata. Ba za ta iya shiga coci da farar riga ba alhali kujerarsa ba kowa.

Goggo ta ɗauki jakarta ta fita tana cewa ta bar yarinyar shago ita kaɗai. Malam Julius ya jawo hoton, ya kai shi kusa da tabaraunsa, ya daɗe yana kallo.

Da ya yi magana, a hankali ya yi, kamar ba da ita yake ba.

"Ashe gwiwar tasa tana lanƙwashewa."

*

Wannan maganar tana da asali.

Raphael ɗan kudancin Kaduna ne, amma a barikin soja a Legas ya tashi, inda gaisuwa ita ce ka tsaya ƙiƙam ka buɗe murya. Karatun injiniya ya kawo shi Samaru, a can suka haɗu da Keziya. Ranar da ta fara kawo shi gida, ya sha guga, ya sha turare, ya shigo falon nan da takalminsa ƙwas-ƙwas, ya nufi Malam Julius kai tsaye ya miƙa masa hannu yana murmushi.

Malam Julius ya kalli hannun. Ya kalli takalmin. Ya kalli 'yarsa.

Daga ranar bai ƙara kiran sunan Raphael ba, sai dai "yaron nan mai miƙa hannu". Keziya ta yi wa Raphael faɗa, shi kuwa da taurin kai irin na masu sabon digiri ya ce ai girmamawa a zuciya take, ba a gwiwa ba. Kawunnansa sun nemi zuwa gaisuwa, aka ce su dakata. Suka sake nema, aka sake cewa su dakata. Ana cikin dakatawar ya sami gurbin ƙaro karatu kan injinan jirgin ruwa a Busan, wani birni na bakin teku a Koriya ta Kudu, ya tafi a ƙarshen daminar 2006.

Shi kuwa Martin, ko bai iya komai ba ya iya gaisuwa. In ya durƙusa sai ka ji tausayin wandonsa.

*

Washegari da aka tashi makaranta Keziya ta wuce shagon nasa. Ɗalibai sun cika wurin, janareta na ƙugi a waje. Martin na ganinta ya miƙe, ya ja ta zuwa bakin ƙofa.

"Na san ranki ya ɓaci," ya ce.

"Ka buɗe mini saƙo, Martin. Ka buga, ka kai wa Goggo. Ni ba ka iya kawo mini ba?"

"Da na kawo miki da kin ɓoye. Keziya, na san ki. Za ki yi kuka ke kaɗai, ki ci gaba da jiransa."

"In na jira, da ƙafarka nake tsaye?"

Ya sunkuyar da kai. Martin ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. So ne ya yi masa yawa har ya fara koya masa abin da uwarsa ba ta koya masa ba.

"Tun muna ajin baftisma nake sonki," ya ce. "Ina nan. Ana ganina. In Baba ba shi da lafiya ni ke kai shi asibiti. Shi wancan me ya yi miki, in ba labarin kifi ba? Duk Asabar kifi, teku, kifi, teku. Yanzu ga shi ya sami mai dafa masa kifin."

Maganar ta soke ta, don ita ma abin da ya hana ta barci ke nan.

"In gaskiya ne ya yi aure," ta ce, "zan ji daga bakinsa. Amma ko ya yi, ba ta wannan hanyar za ka same ni ba."

Ta tsallaka titi ta tari motar Sabon Gari. Sai da ta zauna a kujerar baya ta bar hawayen suka sauko. Wata mata Ibo da ke kusa da ita, da kwandon tumatir a cinya, ta taɓa ta, ta lallashe ta da Turancin buroka cewa namiji bai kai a yi masa kuka ba: "Mai sista, no krai. Na man? E no wot am." Keziya ta yi dariya tana kuka.

*

Raphael malalacin rubutu ne. Hotuna yake turowa a tsakiyar mako ba ko kalma ɗaya, sai Asabar da safe ya kira ya yi bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Ta haka Keziya ta san Busan kamar ta taɓa zuwa.

Ta san ɗakin da ya kama haya a gidan tsoho Pak da matarsa, can saman wani tudu, inda matakala ta fi titi yawa. Ta san ƙasan ɗakin ɗumi yake yi a lokacin sanyi, har ya daina kwana a gado. Ta san yadda ya yi wata guda yana cin burodi da ƙwai don ya kasa riƙe tsinkayen cin abincinsu, da yadda kabejin nan nasu mai tsami da yaji, kimci, ya sa shi hawaye a gaban mutane, yanzu kuma ba ya iya cin shinkafa sai da shi. Ta san ranar da ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ɓata, ya fito a bakin wani rairayi, ya ga teku a gabansa ba iyaka, ya zauna ya manta da ajin da za shi.

Wannan Asabar ɗin wayar na yin ƙara ta fita bayan gida, gindin bishiyar gwaiba.

"Kezi!" Muryarsa cike da murna, iska na kaɗawa a bayansa. "Kin ji wannan ƙarar? Ina kasuwar kifi ta Jagalci. Yau na ci abin da in na gaya miki ba za ki sake cin abinci da ni ba. Wata halittar teku mai hannuwa takwas, an yanka ta amma tana motsi a faranti, ta kama mini harshe..."

"Raphael, ka yi aure?"

Sai kukan tsuntsayen teku.

"Me kika ce?"

"Ka ji ni. Wace ce mai jan kaya?"

Da ya gane hoton da take nufi sai ya fashe da dariya. Dariyar ce ta ƙarasa ta. Ta fashe da kuka mai ƙarfi, irin wanda ta danne tun Laraba.

"Kana dariya? Hotonka yana hannun Baba! Goggo ta gama gaya wa zumuntar mata ta coci! An ce mutanen Martin za su zo bayan Ista, kai kana can kana cin abu mai motsi kana dariya!"

"Kezi, tsaya. Don Allah tsaya. Ki yafe ni, ban san ya kai haka ba. Saurare ni. Sunanta Sun-hi. Matar ɗan masu gidanmu ce. Tana da miji, tana da jariri. Mijin ne ma ya ɗauki hoton."

"Durƙuson fa? Kayan fa?"

"Sabuwar shekararsu ce, ta lissafin wata. Ranar kowa yana sa kayan gargajiya ya je gaban manyansa ya kai goshi ƙasa. 'Ya'ya, surukai, jikoki, kowa. Na zauna a ɗakina ni kaɗai, gari duk an rufe shaguna, kewar gida ta ishe ni. Sai tsohuwar ta buga mini ƙofa ta miƙo mini kayan ɗanta, ta ce wanda yake kwana a ƙarƙashin rufinta ɗanta ne. Shi ke nan abin da ya faru, Allah yana gani."

Keziya ta jingina da bishiyar. Wani sanyi ya ratsa ta, ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Amma murnar ba ta daɗe ba.

"Na yarda da kai," ta ce. "Amma ba auren ne ya fi ƙona wa Baba rai ba. Ka san abin da ya ce da ya kalli hoton? Ya ce ashe gwiwarka tana lanƙwashewa."

Ta duba wayar ko layin ya yanke.

"Yana da gaskiya," Raphael ya ce. Dariyar ta bar muryarsa. "Kezi, ranar da na iso gidan nan, da takalmi na shiga. Tsohuwar ta yi ihu kamar na shigo da akuya. Da daddare na zuba wa tsoho Pak shayi, na miƙa masa da hannu ɗaya ina tsaye a kansa. Bai karɓa ba. Ya kalli kofin, ya kalle ni. Na rantse miki fuskar Baba na gani. Irin kallon nan sak."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na ji kunya ta rufe ni. Sun-hi ce mai ɗan Turanci, ita ta zaunar da ni ta koya mini. Hannu biyu ake ba babba abu. Ba a fara cin abinci kafin shi. Ba a haɗa ido da shi ana sha. Na ce a raina, ikon Allah, na tsallaka duniya don a koya mini abin da kika gaya mini a Sabon Gari kyauta, na ce miki ƙauyanci ne."

Keziya ta share hanci da bakin zaninta. "To ka faɗa wa Baba."

"Ba zai karɓi wayata ba. Kuma wannan ba maganar baki ba ce. Akwai inda ke da kwamfuta mai kyamara, wadda ake ganin mutum yana motsi?"

"Akwai. Guda ɗaya na sani a Samaru."

"Ina?"

Ta rufe ido. "Shagon Martin."

*

Sai da Keziya ta bari mahaifinta ya gama cin tuwo ranar Lahadi sannan ta durƙusa a gabansa.

"Baba, shekara da shekaru ana kawo maka ƙara a coci. Ban taɓa jin ka yanke wa mutum hukunci ba tare da ka ji bakinsa ba. Har wanda ya saci kujerun coci ka saurare shi."

"Wannan ai ya zo gabana ne."

"Shi ma zai zo gabanka. Ka bi ni Samaru ranar Asabar kawai. In ka gani ba ka gamsu ba, ba zan ƙara ambaton sunansa a gidan nan ba."

Ta faɗi haka ne tana sane da cewa mahaifinta ba ya manta alkawari, nasa ko na wani.

Malam Julius ya wanke hannu, ya goge, ya kunna rediyo. Can ya ce, "Ki goge mini farar rigata."

Goggo Bibiana da ta ji labari ta ce ko za a rufe kasuwa sai ta je, don ta ga yadda ƙarya take ƙarewa.

*

Martin ya ga Malam Julius a ƙofar shagonsa da safe, sai ga shi a ƙasa. Ya gaishe shi, ya gaida Goggo, ya kasa kallon Keziya. Ba yadda zai yi. Da hannunsa ya tashi wani ɗalibi daga kwamfutar mai kyamara, da hannunsa ya jona lasifika, ya kawo kujeru.

Hoton ya fito yana yankewa, sannan ya daidaita. Ga Raphael cikin shuɗayen kayan nan, ya rame kaɗan. A bayansa taga ce babba, hasken yamma yana shigowa, don a can rana ta riga ta yi ƙasa.

"Jesu!" in ji Goggo. "Yana ganinmu?"

"Ina ganinki, Goggo. Ina kwana?"

Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Raphael ya matsa gefe. Tsoho Pak da matarsa suka bayyana a kan matasansu. Sai ga Sun-hi da jariri a hannu, wani ƙaƙƙarfan mutum ya dafa kafaɗarta. Raphael ya gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, ya yi bayanin sabuwar shekara kamar yadda ya yi wa Keziya.

"Jariri ai ana aro," Goggo ta ce ƙasa-ƙasa. Amma jaririn ya juyo, kowa ya ga hancin mutumin nan ne aka ɗora masa. Goggo ta ja bakinta.

Tsoho Pak ya matso kusa da kyamara ya yi wata doguwar magana da yarensu, yana nuna Raphael da haɓa.

"Me yake cewa?" Wannan ce maganar farko da Malam Julius ya yi.

Raphael ya sosa kai. "Baba, ya ce... ya ce da na zo ba ni da tarbiyya ko kaɗan."

"Gaya masa na sani."

Wasu ɗalibai da suka bar abin da suke yi suka taru a baya suka ƙyalƙyale. Raphael ya fassara, tsoho Pak ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ƙara wata maganar.

"Ya ce amma ina jin magana. Ya ce itacen ɗanye ne, bai bushe ba tukuna."

Malam Julius ya gyara zama. Ya harɗe hannuwa a kan sandarsa.

Raphael ya ja da baya har tsakiyar ɗakin, inda za a gan shi tun daga kai har ƙafa. Ba takalmi a ƙafarsa.

"Baba," ya ce, muryarsa ta canza. "Na shigo gidanka da takalmi. Na miƙa maka hannu kamar sa'ana. An gaya mini na yi kuskure, na yi gardama. Sai da na zo inda ba ni da kowa, tsofaffin nan suka riƙe ni, sannan na gane abin da na yi maka. Gaisuwar da ka gani a hoto, kai ya kamata in fara yi wa. Ba ni da wata hanyar zuwa gabanka yau sai wannan. Ka yafe mini."

Ya haɗa hannuwansa a gaban goshi. Ya sauke gwiwar hagu, ya sauke ta dama, ya tafi a hankali har goshinsa ya sauka a kan hannuwansa a ƙasa.

Shagon ya yi tsit, sai ƙugin janareta. Keziya ta toshe bakinta da gyale, hawaye na bin yatsunta.

Raphael bai ɗago ba.

Aka jira. Bai ɗago ba. Lasifikar ta yi wata ƙara ta ɗauke. Malam Julius ya ƙura wa gilashin ido, haɓarsa ta fara motsi.

Martin ya matso. Keziya ta kalle shi, ta roƙe shi da ido, amma mai so ba ya ganin irin wannan roƙon.

"Baba," ya ce cikin ladabi, "ba wai yana nan a durƙushe ba ne fa. Netwok ne. Hoton ne ya tsaya. Haka yake yi kullum. Wataƙila ma ya tashi tuntuni yana shan shayi."

"Ka ji ko!" in ji Goggo, ranta ya dawo.

Keziya ta dubi gilashin. Ita ma ta san halin kwamfutar nan, ta sha ganin fuskar mutum ta daskare baki buɗe. Ta ga mahaifinta ya kama sandarsa zai miƙe.

Sai wani abu ya gitta a gilashin.

Tsohuwar ce. Ta tashi daga matashinta, ta zagaya ta bayan Raphael da ɗan gurguncinta, ta karɓi jaririn daga hannun Sun-hi, ta dawo ta zauna tana jijjiga shi. Labulen taga yana kaɗawa. Raphael yana nan yadda yake, goshi a ƙasa.

Malam Julius ya juyo ya kalli Martin ta saman tabarau.

"Hoto ya tsaya, tsohuwa tana yawo a cikinsa?"

Martin ya ja da baya. Ya koma bayan teburinsa ya zauna, ya kama duba wata waya da ba abin da ya same ta.

Malam Julius ya matso da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa teburin. Ya miƙa hannu kamar zai dafa kan da ke cikin gilashin.

"Tashi," ya ce. "Ya isa. Tashi, Raphael."

Keziya ta ji sunan ya fito daga bakin mahaifinta, karo na farko. Kukan da take dannewa ya ƙwace.

Ta ce, "Ba ya jinka, Baba. Maganar ta yanke. Sai dai in rubuta masa, Sun-hi ta karanta."

"To rubuta mana, kina kallo yaro zai yi ciwon baya! Ki ce na ce ya tashi. Ki ce na yafe." Ya share gefen idonsa da babban yatsa. "Ki ƙara da cewa ya gaya wa kawunnansa sun daɗe da dakatawa."

Keziya ta yi ta kuskuren haruffa tana gogewa. Da saƙon ya tafi, suka ga Sun-hi ta leƙo, ta karanta, ta juya ta yi magana. Tsoho Pak ya buga wa Raphael bayansa. Raphael ya ɗago a hankali, fuskarsa jiƙe, shatin yatsunsa kwance a goshinsa. Ya rarrafo gaban kyamara yana magana, ba a jin komai, amma ba wanda ya buƙaci fassara.

Goggo Bibiana ta fyace hanci da ƙarfi. "Ni dai kayan ne ba su yi masa kyau ba," ta ce. "Kamar an naɗe shi da labule."

Malam Julius bai kula ta ba. Hankalinsa ya tafi kan hasken da ke bayan Raphael.

"Keziya, waccan tagar, me ke bayanta?"

"Teku ne, Baba. Daga ɗakin ana hango tashar jiragen ruwa."

Tsohon ya gyara zaman tabaraunsa, ya jingina sandarsa da bango kamar wanda ba shi da niyyar tashi yanzu.

"Rubuta masa ya juya abin nan," ya ce. "In ga ruwan da za a kai mini 'ya."